ZAZZAƁIN YARA A ƘASAR DAURA: TAZARAR DA KE TSAKANIN MAGANI DA ƊAKIN UWA

Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe littattafan tarihin Daura zai tarar da labarin rijiyar Kusugu, da Daurama, da Bayajida, da jerin sarakuna, da yadda sarautar ta rabu gida uku bayan jihadi, watau Daura da Zango da Baure. Littafin da M. G. Smith ya wallafa a 1978 a kan sha'anin mulkin Daura ya bi diddigin sarautu da muƙamai dalla-dalla. Abin da ba safai marubuta tarihi kan waiwaya ba shi ne abin da ke faruwa a ɗakin mace cikin dare, sa'ad da ta taɓa goyonta ta ji jikinsa ya yi zafi rau. Alhali kuwa a irin wannan ɗaki ne ake rabuwa tsakanin wanda zai girma ya yi noma, ya biya haraji, ya shiga tarihi, da wanda za a kai makwancinsa tun bai yi wayo ba.

Wannan lacca za ta bi tarihin jinyar yaro mai zazzaɓi a masarautar Daura, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar na Jihar Katsina: Daura, Baure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango. Manufarta ita ce ta nuna cewa maganin zazzaɓin cizon sauro ya daɗe a duniya, isarsa hannun uwa a kan lokaci ne ya yi jinkiri. An tace kwinin a Faransa a 1820. Ba a fara bin gida gida a Baure da maganin kare yara ba sai a 2013. Shekara 193 ke nan tsakani.

Ƙasa da yanayi

Ƙasar Daura jigawa ce, tana kan iyaka da Jamhuriyar Nijar. Daminarta gajera ce, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, rani kuwa dogo. Wannan yanayi shi ya tsara wa cututtukan yara lokutansu. Da sanyi da bazara ake fama da ƙyanda, wadda ake yi wa laƙabi da baƙon dauro, da kuma sanƙarau. Zazzaɓin cizon sauro kuwa na damina ne da farkon kaka.

Tamatar sauro ce ke ɗauke da ƙwayar cutar, da dare kuma take cizo. Ba ta bukatar kogi kafin ta hayayyafa. Ruwan da ya kwanta a sawun shanu, ko a hanyar gona, ko a gefen kududdufin da aka haƙa domin ƙasar gini, ya ishe ta, kuma cikin kwana goma ko makamancin haka ƙwai ya zama sauro. Idan ƙwayar ta shiga jikin mutum sai ta fara sauka a hanta, ta yi kamar mako guda tana yaɗuwa, sa'an nan ta fito cikin jini tana fasa jajayen ƙwayoyinsa duk bayan kwana biyu. Babban da ya sha cizo shekara da shekaru jikinsa ya saba, yakan ɗan kwanta ya tashi. Yaro ƙarami kuwa ba shi da wannan garkuwa, cikin kwana ɗaya ko biyu ciwon na iya kai shi ga jijjiga, ko suma, ko ƙarewar jini. Saboda haka a sha'anin zazzaɓin yara, lokaci shi ne rabin magani.

Jinya a gida

Al'adar jinya a ƙasar Daura ita ce ta sauran ƙasar Hausa. Bahaushe yana da sunaye da dama ga wannan ciwo, kamar zazzaɓi da masassara da jante, ya kuma lura tun da daɗewa cewa yakan tsananta idan ɗanyar masara ta fito aka fara gasa tumu. Wannan lura daidai take, sai dai an jingina laifin ga sabon amfanin gona da laimar damina, domin ba wanda ya tabbatar da laifin sauro, a nan ko a Turai, kafin ƙarshen ƙarni na 19.

Idan yaro ya kwanta, matakin farko a cikin gida yake. Akan dafa saiwa ko sassaƙe ko ganye, kamar maɗaci da marke da sabara da rai-ɗore, a ba shi ya sha, a yi masa wanka, a yi masa surace. Idan abin ya ƙi, a nemi malam ya yi tofi ko rubutun sha. Malamai suna da hadisin da ya zo cikin Buhari da Muslim wanda ya yi umurni da a sanyaya zazzaɓi da ruwa, suna kuma da littattafan likitanci na Larabci, har da waɗanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta da kansa. Idan saifar yaro ta kumbura, abin da yawan kamuwa da zazzaɓin ke haddasawa, wanzami yakan yi masa tsaga a gefen ciki. Idan kuwa jijjiga ta zo, sai zance ya koma kan iska, a yi turare, a ɗaura laya.

Bai kamata a raina wannan ilmi ba. Wasu masana biyu daga Amurka, Nina Etkin da Paul Ross, waɗanda suka fara bincike a wani ƙauye na ƙasar Kano a tsakiyar shekarun 1970, sun nuna cewa wasu daga cikin tsirran da Hausawa ke sha domin zazzaɓi, da wasu ganyayen da suke ci da damina, suna da tasiri a kan ƙwayar cutar. Har wa yau, abin da ake kira gargajiya ba a tsaye yake wuri ɗaya ba. Dogon yaro, wanda a yau ganyensa ne kan gaba a tukunyar surace, baƙo ne daga Indiya, a 1928 aka fara dasa shi a Barno. Ashe uwayen da suka karɓe shi ba masu ƙin sabon abu ba ne, muddin sun gan shi a ƙofar gida.

Akwai abubuwa biyu a cikin wannan al'ada da suka shafi lokaci. Na farko shi ne zancen haƙori. Jariri yakan zo duniya da garkuwar da ya samu daga jinin uwarsa, wadda ke raguwa idan ya kai kamar wata shida. A daidai wannan lokaci ne kuma haƙoran farko ke fitowa. Da yake haƙori ana ganinsa da ido, garkuwa kuwa ba a ganinta, sai aka ɗora wa haƙori zazzaɓin da gudawar da ke biyo baya, aka ce a yi haƙuri zai wuce. Na biyu shi ne tsarin shawara a gida. Uwa ce ke fara jin zafin jikin yaro, amma sau da yawa ba ita ke da ta cewa ba. Idan ɗan fari ne, kunya takan hana ta nuna damuwa a fili. Kaka ce ke faɗin irin ciwon, maigida kuma shi ke ba da izinin fita da kuɗin magani, da damina kuwa yana gona. Kowane mataki daga cikin waɗannan yakan ci yini ko kwana.

Zamanin Turawa

Turawa sun san zafin wannan ciwo tun kafin su ci ƙasar, domin shi ya daɗe yana hana su shiga cikin Afirka ta Yamma. A 1854 Dokta William Baikie ya hau Kwara da Binuwai a cikin wani jirgin ruwa, yana ba Turawan da ke tare da shi kwinin kullum, ya kuma dawo ba wanda ya mutu. A 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya ga ƙwayar cutar a jinin majinyaci a Aljeriya. A 1897 Ronald Ross ya gan ta a cikin sauro a Indiya. Watau sa'ad da Kano ta faɗi a 1903, da sa'ad da Turawa suka naɗa Malam Musa na Zango Sarkin Daura jim kaɗan bayan haka, an riga an san mai kawo ciwon, an kuma san maganinsa.

Abin lura shi ne yadda aka yi amfani da wannan sani. A wajen 1900 wasu masu bincike biyu daga Ingila, Stephens da Christophers, sun duba jinin mutane a garuruwan bakin teku na Afirka ta Yamma, suka tarar yara ƙanana ne suka fi kowa ɗauke da ƙwayar. Shawarar da suka bayar ita ce Bature ya nisanci inda yaran suke kwana. Daga nan aka samo dokar da ta ce a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da gidajen 'yan ƙasa, wadda ta shiga dokar tsarin garuruwa ta 1917 a zamanin Gwamna Lugga. Asalin barikin da ake gani nesa da ganuwa a manyan garuruwan Arewa ke nan. A idon wannan tsari, yaro mai zazzaɓi haɗari ne ga ma'aikacin gwamnati, ba a fara kallonsa a matsayin majinyacin da ake bin bashin jinya ba.

Daga baya hukumomin En'e sun buɗe ɗakunan shan magani a manyan garuruwan gundumomi, aka horar da malaman asibiti, aka sa dubagari suna duba randuna da kwatami. An sami amfani, amma kwinin yana da tsada da ɗaci, ɗakin magani ɗaya kuma yana ɗauke da ƙauyuka masu yawa. Ga macen da ke ƙauye a bakin iyaka, kai yaro can yana nufin tafiyar yini a ƙasa ko a kan jaki, a tsakiyar aikin noma.

Kulorokwin da manyan gwaje-gwaje

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abubuwa biyu suka fito, watau maganin feshi na DDT da kuma kulorokwin, wanda aka fara haɗawa a Jamus a 1934. A 1955 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da zazzaɓin cizon sauro daga doron ƙasa, amma ba a sa yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara a cikinsa sosai ba. Abin da aka yi a Arewacin Nijeriya gwaje-gwaje ne. An fara feshi a yankin Birnin Kebbi a 1954, kafin shekara biyu aka gane sauro ya fara jure wa ɗaya daga cikin magungunan. An sake gwadawa a Kankiya, cikin ƙasar Katsina, a shekarun 1960, inda aka haɗa feshi da raba ƙwayoyi ga jama'a.

Gwajin da ya fi shahara shi ne na Garki, daga 1969 zuwa 1976. Garki tana cikin Jihar Jigawa a yau, kudu maso gabas da Daura, ƙasar Ɓaɓura ce tsakaninta da Baure, saboda haka yanayinsu kusan ɗaya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya sun riƙa ɗiban jinin mutanen wasu ƙauyuka duk mako 10, suna kama sauro suna ƙidayawa. Sun tarar a wasu ƙauyukan mutum ɗaya kan sha cizon sauro mai ɗauke da cutar fiye da sau 100 a shekara. A daminar 1972 da ta 1973 aka yi feshi aka kuma raba magani. Yawan masu ƙwayar a jini ya faɗi ƙwarai, mutuwar jarirai ta ragu, amma yaɗuwar cutar ba ta yanke ba, da aka daina aikin kuma sai ta koma yadda take. Rahoton da Molineaux da Gramiccia suka fitar a 1980 ya zama abin karatu a duniya. Masu tsara manufa da yawa sun fahimce shi da cewa ba a iya kawar da ciwon a irin wannan ƙasa, suka yi sanyi. Darasi na biyu da ke cikinsa, watau cewa ba da magani da damina yana tsirar da yara ko da sauro yana nan, sai da ya jira shekara talatin da wani abu kafin a ɗauke shi.

A wannan tsakani kulorokwin ne ya cike gurbi. Yana da araha, ana samunsa a kemis da teburin mai kanti da kasuwanni irin ta Mai'aduwa. Maganin Turawa ne da ya isa ɗakin uwa ba tare da ta taka asibiti ba, ya kuma ceci rayuka masu ɗimbin yawa. Amma ya isa can ba tare da mai bayani ba. Akan sayi ƙwaya biyu ko uku gwargwadon kuɗin hannu, a daina da zarar jiki ya yi sanyi. Ƙwayar cutar da ke jure masa ta ɓulla a Afirka ta Gabas a 1978, kafin ƙarshen shekarun 1980 ta iso Nijeriya. Aka wayi gari uwa tana ba da maganin da ta sani, yaro kuwa yana ƙara narkewa. Kasuwar magani marar tsaro tana da wani haɗarin kuma. A ƙarshen 2008 da farkon 2009 wani maganin haƙori na ruwa mai suna My Pikin, wanda guba ta gurɓata, ya kashe yara aƙalla 84 a Nijeriya, har da waɗanda aka kwantar a Zariya.

Daga Abuja zuwa Baure

A ranar 25 ga Afrilu, 2000, shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin cewa kafin 2005 kashi 60 cikin 100 na masu zazzaɓin za su sami magani cikin awa 24 da fara ciwo. Ba a cika alkawarin a kan lokaci ba, amma ya sa an fara auna nasara da ma'aunin da ya dace, watau saurin isar magani ga majinyaci. A 2005 Nijeriya ta bar kulorokwin ta koma ga haɗin magani mai atimisinin, wanda Tu Youyou da abokan aikinta suka tace daga wani tsiro a ƙasar Sin a 1972. A 2009 aka fara gagarumin rabon gidan sauro mai magani kyauta, daga Kano. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da magani, aka kuma sami ɗan abin gwaji da ke ba da amsa cikin minti 15 zuwa 20 daga ɗigon jinin yatsa.

Wannan gwaji yana da muhimmanci domin ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. Ciwon haƙarƙari, da ƙyanda, da zazzaɓin hanji, da sanƙarau, duk da zafin jiki suke farawa. A annobar sanƙarau ta 1996 fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, yawancinsu a Arewa, fiye da 11,000 suka rasu. Yaron da aka yi ta ɗura wa maganin cizon sauro alhali sanƙarau ke damunsa, an ɓata masa kwanakin da ba su dawowa.

A watan Maris na 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wata dabara domin ƙasashen da daminarsu gajera ce: a ba kowane yaro daga wata 3 zuwa wata 59 maganin kariya sau ɗaya a wata, har wata huɗu na damina, ko yana ciwo ko ba ya yi. Gwaje-gwajen da aka yi a Senegal da Mali da Burkina Faso da wasu ƙasashe sun nuna wannan yana rage kamuwa da kamar kashi 75 cikin 100. A 2013 ƙungiyar Malaria Consortium, tare da hukumomin lafiya na Jihar Katsina, ta fara aikin a ƙananan hukumomin Baure da Mashi, daga baya aka ƙara Mai'aduwa da Dutsi. Ta haka ƙasar Daura ta shiga sahun farko na wannan aiki a Nijeriya. A wannan shekara ta 2013 ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa ta fara irinsa a tsallaken iyaka, a Magarya da wasu yankunan Nijar, inda dangin mutanen Baure da Zango suke.

Sabon abu a nan ba maganin ba ne, domin salfadoksin da amodiyakwin tsofaffin magunguna ne. Hanyar ce sabuwa. An ɗauki mutanen gari, da yawansu mata waɗanda ke iya shiga cikin gida, aka horar da su, aka nemi goyon bayan hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai, aka sa sanƙira ya yi shela. Mai rabo yakan ba yaro na ranar farko a gabansa, ya bar wa uwa na rana ta biyu da ta uku. Watau an kai maganin ƙofar ɗaki kafin ciwo ya zo, ba sai an jira fatawar kaka ko dawowar maigida daga gona ba, an kuma amince wa uwa ta ƙarasa aikin. A 2023 yara kimanin miliyan 53 suka sami wannan kariya a Afirka, fiye da rabinsu a Nijeriya. Ƙidayar ƙasa ta nuna yawan yara 'yan ƙasa da shekara biyar masu ƙwayar a jini ya sauko daga kashi 42 cikin 100 a 2010 zuwa kashi 22 a 2021, sakamakon gidan sauro da sabon magani da wannan rabo gaba ɗaya.

Kammalawa

Da sauran rina a kaba. A ƙididdigar 2022 Nijeriya ce ke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan ciwo a duniya, da kusan kashi ɗaya cikin uku na masu mutuwa, yawancinsu kuma yara ne ƙanana. Allurar rigakafinsa, wadda aka fara yi a jihohin Kebbi da Bayelsa a watan Disamba na 2024, tana rage ciwon ne, ba ta kawar da shi ba. Kaso mai yawa na kuɗin rabon maganin damina daga ƙasashen waje ya fito, gwajin Garki kuwa ya riga ya nuna abin da ke faruwa idan aka janye hannu.

Jinyar yaro mai zazzaɓi a yau ba ta da wuyar faɗi. A rage masa tufafi, a ci gaba da ba shi nono da ruwa, a ba shi farasitamol daidai nauyinsa, a kai shi a gwada jininsa a ranar da ciwon ya fara. Idan na cizon sauro ne, a ba shi maganin har kwana uku cif, ko da ya tashi yana wasa a rana ta biyu. Idan ya yi jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko barci ya yi masa nauyi har ba ya farkawa, ko wuyansa ya sandare, ko numfashinsa ya yi sauri, to ba a kwana da shi a gida. Haka nan jaririn da bai kai wata uku ba, kowane irin zafin jiki ya yi, asibiti za a nufa da shi.

Faɗin wannan yana da sauƙi, aikata shi kuwa ya dogara da abubuwan da ke hannun ma'aikatan gwamnati: a sami abin gwaji da magani a ɗakin shan magani na ƙauye tun kafin ruwan farko, a biya masu rabo alawus ɗinsu a kan kari, a gyara hanyar da ruwa ya yanke, a sa kuɗin aikin cikin kasafin jiha da na ƙaramar hukuma. Ya kuma dogara da abin da ke hannun magidanta. Maigidan da ya gaya wa iyalinsa tun farkon damina cewa idan yaro ya yi zazzaɓi a kai shi asibiti ko ba ya nan, ya kuma ajiye kuɗin mota a inda aka sani, ya rage wa ɗansa jinkirin kwana guda. Ɗaliban da ke neman abin da za su yi bincike a kansa kuwa, tsofaffin matan Sandamu da Zango waɗanda suka yi goyo a zamanin kwinin, da na kulorokwin, suka kuma ga jikokinsu suna karɓar maganin damina, suna nan da ransu, ya kamata a je a ji daga bakinsu a rubuta.